Keken Barmo

Shekara talatin da ɗaya ina gindin bedi ɗaya
da kwanon ruwa a gabana,
ina nutsa tayar mutane,
ina jiran kumfa ta faɗa mini inda ƙaya ta shiga.
Duk hanyoyin Maradi na san su,
amma daga bakin ƙusa da fasasshiyar kwalba na ji labarinsu.

Wata Laraba Barmo ya turo nasa,
baƙi, mai ƙararrawar da mura ta kama.
Ya ce, "Ilu, ɗaure mini sarƙa, jibi ina tafe."
Jibi ta zo, mu muka ɗauke shi a kafaɗa.
Ƴaƴansa suka ce in riƙe, su masu babur ne.

Damina uku yana rataye a zaure.
Yau da asuba na sauke shi,
na ba shi mai, na ba shi iska,
na naɗe ƙafar wando.
Tsahara ta leƙo da buta a hannu:
"Tsoho, ina zuwa?"
Na ce, zan kai keken Barmo shan iska.

An yi ruwa da dare, kwalta ta yi wanka.
Mai shayi bai gama hura wuta ba,
ƴan kabu-kabu na hamma bisa baburansu.
Na miƙi hanyar Tibiri.
Gwiwar hagu ta fara kai ƙara,
ta dama ta ce ita ba ta ga komai ba.
Gero ya yi kai dama da hagu,
wata jar akuya ta tsaya tsakar hanya
tana dubana kamar mai bina bashi.
Tirela ta wuce, iskarta ta mare ni,
na yi salati, na riƙe.

Ashe hanya tana da hawa!
Daga gindin bedi duk duniya shimfiɗe take.

A Tibiri na sha fura a tsaye, na juyo.
Na ratsa gari rana na bisa kai,
kasuwa ta cika, amalanke da adaidaita na gardama,
ni kuwa ina bi ta tsakani kamar zare a allura.
Na faɗa kudu, wajen Jiratawa,
inda ƙamshin zogale ke riga garin isowa.
Nan gangara ta karɓe ni.
Na saki ƙafa.
Rigata ta cika da iska,
wani abu ya fito daga bakina, ban san ko dariya ce ba.

Sai fiiis.
Tayar baya.
Ni, Ilu mai faci,
ba famfo, ba gam, ba ko guntun roba a aljihu.

Na tura har gindin wata tsamiya.
Wani yaro ne, gemu bai fito masa ba,
da kwanon ruwa irin nawa.
Bai kankare da kyau ba,
bai jira gam ya sha iska ba.
Harshena ya yi ƙaiƙayi, na cije shi.
Na zauna bisa benci kamar kowa,
na ji yadda jira yake.
Ya ce dala ashirin. Na biya, ban taya ba.

Facin ya riƙe, Allah ya yi masa albarka.

La'asar sakaliya na shigo unguwa
ta gefen da ban taɓa shigowa ba.
Can na hango bedina:
ɗan itace ne ashe, ya karkata gabas,
benci ɗaya, tsohuwar taya a reshe,
da wani mutum tsaye da kekensa
yana dube-dube, yana neman mai faci.

Na danna ƙararrawa.
Ta yi tari sau biyu, sannan ta buɗe murya.

Barmo, sarƙarka ta ɗauru.
Na gwada ta, ba ta zamewa.
Kuɗin aiki kuwa, bar shi.