Zanen Dutse a Sheffield

An ce hali zanen dutse ne.
To, akwai tsohuwar maƙabarta a bayan layinmu,
na tsaya na duba duwatsunta:
ruwan sama ya lashe sunayen,
saura rabin harafi da gansakuka.

Kawu Haladu ya ja bas shekara goma sha tara.
Ƙofarsa ba ta san sakata ba.
Ya ci miyar 'yan Poland, ya ce gishiri ya gaza,
amma a ƙaro.
Gaisuwar harshe bakwai ya tsinta a bakin fasinja.
Maƙwabcinsa Pickering, tsohon da ya ce babu lahira,
sukan yi musu har shayi ya huce,
su sake ɗora buta.

Sai wata Talata, ƙanƙara a kan kwalta,
yaro a kan keke, da jar hula.
Yaron ya rayu.
Kotu ta ce Kawu ba shi da laifi,
sai dai takardar kotu ba ta iya sa mutum barci.

Yanzu labule a sauke yake.
Kujera ɗaya, abinci ɗaya,
hanya ɗaya zuwa masallaci,
ranar da aka tare ta don gyara, gida ya dawo.
Ka kawo masa sabon zance, ya ce, "Bar shi."
Pickering ya ƙwanƙwasa sau uku,
na huɗun lemo ya ajiye a bakin ƙofa.

Likita ta miƙa masa takardar tambayoyi:
kana son gwada sabon abu?
Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar.
Ya juya biro, ya juya,
ya ce, "Wa ake tambaya?
Na da, ko wannan da ke zaune?"

Abin da ya ɗaure mini kai Inna Tasalla ce,
wadda da ko burodin Bature sai ta shinshina.
Ita ta je asibiti ta zauna da uwar yaron,
ba harshe ɗaya, sai hannu a kan hannu.
Ita ce yanzu ke koyon tuƙi,
tana zagin shataletale da Hausa.
Iskar da ta rufe ƙofarsa
ita ta ɓalle tata.

Ni ban sani ba.
Ko hali kogi ne mai sauya hanya,
ko kuwa rijiya ce da aka jefa wa dutse,
sai ruwan ya kwanta a ga fuska.

Jiya wani ɗan Somaliya ya kawo saƙo.
Kafin Kawu ya tuna cewa ya daina,
bakinsa ya riga ya gaishe shi da harshensu.
Yaron ya yi dariya.
Kawu ya tsaya kamar wanda ya ji
tsabar kuɗi a aljihun tsohuwar riga.

Ya koma kujerarsa.
Ya ja labule,
ya bar kamar faɗin tafin hannu.