Taka, Riƙe, Saki

Birkin motar Baba ya yi laushi
kamar burodin da ya sha ruwa.
Jibi kuma akwai gangaren Tula.

A Pantami, Bappa Gidado ya shige ƙarƙashinta
da sifana, da tiyo, da kwalbar lemo.
Ya fara da tayar baya ta dama, mafi nisa.

"Taka." Na taka.
"Riƙe." Na riƙe har cinyata ta ɗauki rawa.
"Saki."

Tsohon mai ya fito baƙi, kamar shayin da ya kwana,
shekara tara yana shan laima a ɓoye.
Kumfa na bin tiyo ɗai-ɗai.
"Leƙa tulun, kar ya ƙafe.
In ya ƙafe, mun koma gidan jiya."

Muka hau tsakuwa, na danna da ƙarfi,
feda ta yi ta karkarwa a tafin ƙafata,
iskar da ta laɓe a famfon Ebiyes ta taso.
Muka dawo. Taka. Riƙe.

Kujerar tana nan inda Baba ya bar ta.
Ban matso da ita ba.
Da kan yatsu nake taɓo birkin.