Littafin Maki na Noeline

Kwalin takalmi ne a saman kabad,
a ciki na adana gasar gaba ɗaya.
Shekara hamsin da biyar,
ɗaure da igiyar takalmin Des Farrugia.

Ban ga farkonta ba. Babana ya ce
a alif ɗari tara da talatin da ɗaya ne,
shekarar da aiki ya yi ƙafa a gefen Melbourne,
maza na zaune bakin masana'antar bulo
ba albashi, ba abin yi sai hamma.
Suka saro turaku takwas a dajin turare,
huɗu gabas, huɗu yamma,
suka kore shanun tsoho Pruitt daga fadama.
Filin bai taɓa miƙewa ba,
ya karkata wajen rafi,
mai wayo kan bar wa kansa gangare a zubin ƙarshe.

Kulob shida aka soma da su:
'yan bulo, 'yan mayanka, 'yan reluwe,
biyu na coci da ba sa ga maciji,
da Tudun Wirrin, da ba su ci kowa ba sai bayan yaƙi.

Ni na karɓi alƙalami ina 'yar sha tara.
Asabar, tsakiyar Yuli, sanyi har ɓargo,
taɓo ya shafe lambar kowa,
sai ta tafiya nake gane su.
Ƙwallo mai siffar ƙwai ba ta da alkawari,
ka bi ta dama, ta yi hagu.
Ta ratsa dogayen turaku, maki shida,
mai farar riga ya kaɗa tuta biyu,
motocin da suka kewaye fili su ɗau hon.
Ta kauce, maki ɗaya, da tsaki.

Na ga ranar da Stavros Lekkas
ya taka kafaɗar wani ƙato ɗan mayanka
ya cafe ta a sama, ya daɗe bai sauko ba.
Uwarsa ba ta jin Turanci,
ta shigo fili da lema tana neman wanda ya ture shi.
Ban rubuta wannan ba. Babu gurbinsa a littafi.

Ba rana ɗaya ta mutu ba.
Bulo ya rufe, mayanka ta ƙaura,
yara suka bi hanyar da haya ke da sauƙi.
Kulob biyun coci suka haɗe dole,
rigarsu rabi kore rabi ja, kowa na jin kunyarta.
Wata Asabar reluwe suka zo su sha huɗu,
muka ara musu ɗan mai sayar da lemo.

Daren ƙuri'a ana ruwa,
mu tara a ɗakin da kwano ke yoyo.
Bakwai suka ɗaga hannu.
Des bai ɗaga ba, ni ma haka,
amma ni ce mai rubutu, na rubuta: an rushe.
Muka raba kujeru. Kofin ya rasa mai ɗauka,
Merv Tolhurst ya kai gida, matarsa ta shuka na'ana'a a ciki.

Yanzu babban kanti ne a wurin.
Ranar Talata nakan je sayen madara,
na ajiye mota daidai inda Stavros ya tashi sama.
Har yau ƙasar na karkace,
in ka saki keken kaya sai ya gangara wajen rafi,
yaron kanti ya bi shi da gudu yana mita.

Jikata ta ce in ba ɗakin tarihi kwalin.
Na ce sai na gama duba lissafin saba'in da huɗu,
akwai maki ɗaya da har yanzu nake shakka.