Rigar Tsofaffi

Shekara talatin ina ɗinki a Nasarawa Gwong,
kekena ya san faɗin kafaɗar kowa a layinmu.
Amma duk damina, in doya ta kusa nuna,
Baba Oyewole yakan zo bayan isha'i
da ƙunshi a hammata, ba ya ciniki,
ya ce, “Ɗanjummai, ga rigar tsofaffinmu.”

Riga ce ba wuya, ba aljihu,
ƙyalle kan ƙyalle, kowanne da sunansa:
ga saƙin da kakansa ya taho da shi daga Ogbomosho
zamanin da kuza ke kiran maza zuwa tsauni,
ga bakin zanen wadda ta tafi wajen haihuwa,
ga hular direban da hanyar Akwanga ta cinye.
Bana ya miƙo mini wani shuɗi.
Ban tambaya ba. Ɗankwalin Iya Abeke ne, mai ƙosai,
wadda har ta koma tana bina ɗari biyu.

Na ɗinka. Sau biyu allura tana sukata.

Ran Asabar kalangu ya kama magana da Yarbanci,
Egungun ya fito, ba a ganin ƙafarsa.
Ya juya, rigar ta buɗe kamar laima,
iskarta ta shafi jariri, ta shafi mai sanda.
'Ya'yan Iya biyu, da suka shekara ba sa ga maciji
kan ɗaki ɗaya da rumfa a Faringada,
aka durƙusar da su gaban shuɗin ƙyallen.
Murya ta fito daga ciki, a shaƙe,
ko kalma ɗaya ban gane ba,
na dai ga babban ya miƙa goro,
ƙanen ya ɓare, hannunsa na rawa.

Na san wanda ke cikin rigar,
ni na auna tsawonsa, rediyo yake gyarawa a Dilimi.
Su ma sun sani. Ba wanda ya faɗa.

Da aka kira la'asar na tafi sahu,
Alhaji Lamidi a gefena, jar lakar filin a gwiwarsa.
Muka yi sallama dama da hagu.

A hanyar gida na tsaya ƙofar 'ya'yan Iya,
ana rabon sakwara, ana dariya da jajayen idanu.
Na zaro ɗari biyu na ba babban.
Ya ce, “Na mene ne?”
Na ce, “Na ƙosai ne. Ta san zancen.”