Murfin Kwalba

A Tromso, rana ta yi yaji tun Nuwamba.
Oddvar, tsohon masunci, ya miƙa hannu,
sai ya ga murfin kwalbar ya sauya:
da shuɗi, yau ruwan toka.

"Wa ya taɓa mini magani?"

Ragnhild ta rataye ledar ƙarin ruwa.
"Hukuma ce. An yi tayi, mai sauƙi ya ci.
Ba jabu ba ne, takwara ne,
shi ma daga ƙwayoyi masu rai aka rene shi,
ya sha gwaji kafin ya iso jijiyarka."

"Kama da wane," in ji shi, "ba ta wane."

Ta yi shiru. Ɗigo na bin ɗigo.
Bayan labule wata mata daga Alta tana tari.
Rarar kuɗin murfinsa
ita ta sama mata gadon nan.
Ciwon daji kuwa bai iya karatun tambari ba.

Ya dubi taga, duhu da ƙanƙara.
"Na taɓa cin kifin da ban san sunansa ba,
ya riƙe ni har gaɓa.
Bari ya shiga.
Amma gobe, ku fara tambayata."