Takardar da Ban Karanta Ba

Ƙarfe biyun dare a Gyaɗi-Gyaɗi,
injin maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta,
da sauro biyu masu bin kunnena bashi.

Manhajar Alhaji Sagiru nake ɗinkawa,
ta lissafin atamfa a Kantin Kwari:
wa ya ɗauki dila, wa ya biya rabi,
wa ke cewa "gobe" tun watan azumi.
Ba ni na saƙa kowane zare ba.
Wa zai zauna saƙa ga yadi a shimfiɗe?
Laburare huɗu na ɗebo
daga hannun mutanen da ban san fuskarsu ba,
kowanne da 'yar takarda a gindinsa.
Ban karanta ba.

Rumasa'u ce ta karanta, jiya da la'asar,
tana ɓare gyaɗa a kan teburina.
"Na farko MIT ne, mai sauƙin kai:
ɗauka, yanka, sayar, kulle in ka so,
sunansa kaɗai kada ka goge.
Na biyu ɗan ɗakinsu ne.
Na uku Apache, shi ma ya sakar maka mara,
sai dai ya gindaya magana kan haƙƙin ƙirƙira.
Na huɗu kuwa..."
Ta hure ɓawon daga tafinta.
"GPL, bugu na biyu, shi kaɗai.
Rijiyar wakafi ka ɗebo, malam.

Mai haƙa ta ya ce kowa ya sha,
amma tulun da ka cika da ruwanta,
in za ka miƙa wa wani, miƙa shi a buɗe.
Kuma bai yarda a ɗora sharaɗi kan nasa ba,
ko da na alheri ne.
Ga Apache da nasa a hammata.
Kai kuma ka haɗa su kwano ɗaya."

Na ce, ai duk kyauta ne!
Ta ce, kyauta ma da ladabinta.
Tambayi telan Fagge:
yadi biyu, kowanne mai kyau,
ɗaya na tsukewa a wanki, ɗaya ba ya yi.
Ranar ɗinki lafiya lau.
Ranar wanki ake jin kunya.

Alhaji kuwa ya riga ya yanke:
zai sayar wa 'yan layinsu, a kulle,
kada ɗan wani ya leƙa cikinta.

To, ga ni.
Wata murya na cewa, wa zai sani?
Mai rijiyar yana can wata ƙasa,
bai taɓa jin sunan Kwari ba,
bai san kuɗin a-daidaita-sahu zuwa Bata ba.
Gaskiya ne.
Sai dai shi ma wani dare ya ƙi barci
ya rubuta abin da na ɗauka cikin minti ɗaya,
bai nemi ko sisi ba,
magana guda ya bar mini amana.
Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na farke ɗinkin.
Laburare na huɗu, mai buga rasit,
wanda ya fi sauran aiki da kyau,
na zare shi zare-zare,
kurakurai tamanin da bakwai suka yi ja a allo.

Dare uku zai ci, watakila biyar.
Rasit ɗina na farko ya fito a karkace,
alamar naira ta koma ɗan akwati,
jimlar kuɗi ta hau kan sunan mai saye.
Amma nawa ne.

Sauran ukun na jera sunayensu
a fayil guda, kamar yadda suka roƙa.
An kira assalatu daga masallacin bayan layi.

Idan ya miƙe, wannan mai buga rasit,
zan ajiye shi a bakin hanya don mai bukata.
Abin da ban sani ba tukuna
shi ne wace takarda zan manna masa,
da ko wanda zai ɗauka
zai fi ni karatu.