Jan Rubutu a Bangona

Ɗaki ɗaya nake nema, ɗaya tak,
a bayan gida, inda igiyar shanya take,
don Iya Rakiya ta huta da kwanan falo
tsakanin jikoki shida da keken ɗinkina.

Bulo na tara shi kamar tsintar kaza,
ashirin bayan ƙaramar salla,
talatin ranar da na kwashi adashi.
Fuseni magini ya ja igiya, ya yi bismilla,
gini ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.

Ran Talata na dawo daga Kejetia
na tarar an yi wa bangona rubutu,
jan fenti, yana zuba kamar jinin layya.
Mumuni, ɗana, ya karanta mini:
a dakata da aiki, a kawo takardar izini.
Duk Aboabo ta riga ni karantawa.

A ofis fanka na juyawa, layi ba ya motsi.
Mista Boakye ya ƙirga mini da yatsu:
taswirar fili, zanen gini mai hatimi,
shaidar mallaka, rasit ɗin harajin gida,
ina banɗaki, ina taga, ta ina iska za ta bi?
Yatsu suka ƙare, bai gama ba.

Na warware ledar da na zo da ita.
Kakana Ɗantani ya biyo ayarin goro,
ya auna filin nan da tafin ƙafarsa
gaban dattawan Asante, aka yi shaida.
Abin da ya bar mana ke nan:
takarda mai launin shayi
da dangwalen yatsa, gara ta ci rabi.
Boakye ya riƙe ta kamar jariri.
Ya ce, “Ni na yarda da kakanka.
Kwatar bayan gidanku ce ba ta san shi ba.”

Suka zo da igiyar awo.
Na matsa wa kwata, in ji su,
kuma in bangon ya kai rufi
zai toshe tagar Maame Serwaa,
taga ɗaya da take gani ta tsince shinkafa.
Wata uku tana kallon ginin yana tashi,
tana gaishe ni, ba ta ce uffan ba.
Na ji kunya. Haushi ma na ji, kada in yi ƙarya.

Takarduna suka yi ta hawa bene suna sauka.
Buhu huɗu na siminti ya zama dutse.
Awaki suka tare a ɗakin Iya, ba haya.
Fuseni ya samu aiki a Tafo, ya daina ɗaga waya.

Sai wani dare a tsakiyar damina
kwata ta tashi kawo ziyara
da ledojin ruwa, da silifas marasa ’yan’uwa.
Na haska tocila cikin kangon:
ruwa har gwiwa,
daidai inda na ce gadonta zai zauna.
Iya ba ta iya gudu. Tashi ma sai an kama ta.
Na kashe tocilar, na daɗe a tsaye.

Izini ya fito da wata na tara,
an gutsure ɗakin, an ja shi baya.
Muka rushe da hannunmu abin da muka gina.
Na ce, “Iya, ya yi kaɗan.”
Ta ce, “Wanda ke jirana ya fi shi ƙanƙanta.”
Na ce, “A garin nan shi ma sai da takarda.”
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Yanzu tana ciki, da tabarma da rediyo,
taga na kallon tagar Maame Serwaa,
suna musayar gishiri da labarin ciwon ƙafa.
Tsohon bangon na shafe shi sau biyu,
amma duk sanda ruwa ya jiƙa shi
jajayen baƙaƙen sai su leƙo.